Telan Makka da Jakar Goyon da Ta Kashe Masa Hannu: Nazarin Lamari

Asalin lamarin, kafin Yunin 2023

Mutumin da wannan bayani ya shafa tela ne, ɗan asalin ƙasar Katsina, shekararsa 43 lokacin da abin ya same shi. Ya yi shekara 16 a Makka da igamarsa, wato takardar izinin zama, yana zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa a wajen Shara Mansur, unguwar da in ka shiga da yamma Hausa ce za ta fara tarbar kunnenka. Maƙwabcina ne, kuma tare muke fita tafiyar ƙafa. Ya yarda in rubuta labarin bisa sharaɗin kada in kama sunansa. Duk awon da za a gani a nan daga littafin ɗinkinsa na kwafo su, domin a shafukan baya na littafin da yake rubuta faɗin kafaɗa da tsawon riga, nan ya riƙa rubuta nauyin jaka da nisan tafiya.

Nauyin jikinsa kilo 68. Aikinsa na zama ne, awa 10 ko 11 kullum a sunkuye kan keke. A 2022 ya fara bin ayarinmu, mu tara zuwa goma, ’yan Najeriya da ’yan Nijar da mutum biyu haifaffun Mai Wurno ta Sudan. Ranar Juma'a bayan sallar Asuba mukan hau Dutsen Nur, inda Kogon Hira yake, wani lokacin Dutsen Saur, mu sauko kafin rana ta yi ƙarfi. Tsohuwar jakar makarantar ɗansa yake goyawa, mai siraran igiyoyi, ba ta da abin ɗaurewa a ƙugu. Ruwa lita biyu da dabino ne a ciki, don haka shekara guda ta wuce bai taɓa kukan komai ba.

26 zuwa 30 ga Yuni 2023: aikin Hajji

A shekarar 1444 ya samu izinin aikin Hajji tare da mahaifiyarsa. An fita Mina ranar Litinin 26 ga Yuni, aka yi hawan Arfa ranar Talata 27. Shekarar ce ta farko da aka ɗage takunkumin korona gaba ɗaya, alhazai sun haura miliyan 1.8, zafi kuma ya wuce digiri 45.

Da rana ta faɗi a Arfa motoci suka cushe. Hajiya ta samu wuri a motar mata, shi kuma da maza biyar suka yanke shawarar bin hanyar masu tafiya a ƙafa zuwa Muzdalifa. A nan kaya suka fara taruwa. Hajiya ta bar masa bargonta da fulas. Wani dattijo ya miƙo tabarma da buta, ya ce, "Ɗana, riƙe mini wannan, Allah ya yi maka albarka." Wani ya kawo robobin ruwa huɗu, wani ledar magunguna da takalmi. Babu wanda ya ba shi abu mai nauyi shi kaɗai, amma da yayyafi kogi kan cika. Abin da bai shiga jaka ba ya ɗaure a jikinta da igiya, ragowar ya zuba a wata ’yar jaka ya rataya a kafaɗar dama. Daga baya da muka sake haɗa irin waɗannan kaya muka auna, sun kai kilo 19, wato kashi 28 cikin 100 na nauyin jikinsa.

Wayarsa ta nuna kilomita 8 da ɗoriya daga Arfa zuwa inda suka kwana a Muzdalifa, kusan 6 daga nan zuwa wurin jifa, sannan kusan 7 zuwa Harami don ɗawafi. Mai harami ba riga a jikinsa. Mayafin na zamewa, igiyar jaka na cin fata kai tsaye, ga gumi. Tun a Muzdalifa ya ji minjirya ta kama hannun dama, daga gefen damtse zuwa babban yatsa da manuni. Ya yarfa hannun, ya ce barci ne ya kwanta a kai. Da safiyar Laraba a wurin jifa ya kasa ɗaga hannun sama da kafaɗa, sai daga ƙasa ya riƙa cilla tsakuwar. Duk da haka bai sauke jakar ba sai da ya mayar wa kowa kayansa a tantin Mina.

Yuli zuwa Satumba 2023: jinya

Mako uku na farko a gida aka yi magani. Ya shafa man zafi, matarsa ta riƙa gasa masa kafaɗar da tawul da ruwan ɗumi, ya je an yi masa ƙaho sau biyu, ya sha ƙwayoyin rage ciwo da ya saya a kemis. Ciwon naman kafaɗa ya lafa, gurzuwar fata ta warke, amma hannun yana nan a sage. Allura na faɗuwa daga yatsunsa bai sani ba. Almakashi kuwa in ya yi yanka uku sai ya ajiye.

Ranar 20 ga Yuli ya je asibiti. Likita ya gwada ƙarfin hannun, ya sa aka ɗauki hoton wuya, ba a ga komai a ƙashi ba. Bayanin da aka yi masa shi ne, akwai wani damin jijiyoyi masu kai saƙo, ba na jini ba, da ke fitowa daga laka ta gefen wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, su gangara cikin hannu. Igiyar jaka mai nauyi a daidai kansu take zama, tana danna su, tana kuma jan kafaɗa ƙasa har su miƙe fiye da ƙima. Sanannen ciwo ne a wajen sojoji masu doguwar tafiya da kaya. Tun da jijiyar ba tsinkewa ta yi ba, akasari takan farfaɗo cikin makonni ko watanni in an ɗauke mata matsin.

Aka hana shi goya komai, aka tura shi sashen gashi, inda ake gasa jiki da motsa gaɓoɓi, sau biyu a mako har mako takwas. Mako bakwai ya yi bai yanka yadi ba, sai wani tela ya yanka masa shi ya haɗa, su raba kuɗin. Ga mai iyali da kuɗin haya a Makka wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma na ga yadda ta taɓa shi. A ƙarshen Satumba ƙarfin hannun ya dawo, saura ’yar sagewa a kan babban yatsa.

Oktoba zuwa Disamba 2023: dabaru uku

Da ya dawo tafiya, tunaninsa na farko tunanin tela ne: igiya ce ta yi siriri. Ya yanko soso, ya naɗe da tawul, ya ɗinke igiyoyin suka yi faɗin yatsu huɗu. Aikin ya yi kyau, fata ta daina gurzuwa. Amma da ya gwada da kilo 12 a Dutsen Nur, minti 40 da fara hawa minjiryar ta dawo.

Sai ya koma ga abin da ya sani tun yana yaro, ya naɗa gammo ya ɗora jakar a ka. Dabarar tana da tushe. A 1986 masu bincike sun auna numfashin matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka tarar suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke ƙonawa ya ƙaru ba. Sai dai waɗannan mata kullum cikin ɗaukar suke, shi kuwa rabonsa da tulu a ka ya fi shekara 25. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ya yi kilomita biyu lafiya. A kan duwatsu kuwa mai kaya a ka ba ya iya duban inda zai sa ƙafa, hannu ɗaya kuma yana sama yana tallafe. Ya dawo da ciwon wuya, mai yi masa gashi ta ce kada ya sake.

Na uku, ya sayi babbar jakar matafiya a kasuwar gwanjo, mai cin lita 70. Tana da ɗamarar ƙugu mai kauri, amma ya ce tana matse masa ciki tana sa shi gumi, sai ya zagaya da ita baya ya ɗaure ta a jikin jakar. Ranar Juma'a 29 ga Disamba muka tafi kwana ɗaya a duwatsun Shafa ta wajen Ɗa'ifa. Da yake jakarsa ce ta fi girma a ayarin, duk wanda tasa ta cika sai ya nufo shi. Awa biyu da fara tafiya ya zauna a kan dutse, ya riƙe damtsen dama da hannun hagu, bai ce komai ba. Muka raba kayansa a tsakaninmu. Minjiryar ta yi kwana 12 kafin ta sake shi, kuma a cikin kwanakin nan ya gaya mini ya fara tunanin barin tafiyar ɗungurungum, don bayansa ba na ɗaukar kaya ba ne.

12 ga Janairu 2024: sikeli

Ni na kawo sikelin, irin na hannun nan mai ƙugiya da alhazai ke auna jaka da shi kafin su tafi filin jirgi. Na roƙe shi ya sake haɗa jakar Shafa yadda take, har kayan da aka ba shi riƙo muka aro. Muka rataya: kilo 24. Ya ce sikelin ya lalace. Muka gwada shi da robar ruwa mai lita biyar, ya nuna biyar da ɗan ɗigo.

Sai muka zazzage a tsakar ɗaki muka bi ɗaya bayan ɗaya. Jakar kanta ba komai a ciki kilo 2.6. Ruwa lita 6, kilo 6, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ba ragi. Bargon gida mai kauri kilo 3. Fulas cike da shayi 1.8. Darduma da tabarma 1.5. Tufafi, sauyi biyu da jallabiya da rigar sanyi, 2.4. Abinci 2.2, a ciki har da dabino kilo guda cur da gwangwanaye huɗu. Batiran cajin waya biyu da tocila da wayoyinsu kilo 1. Kayan mutane, wato risho da tukunya da buta da ledar wani, 3.5. Jimilla ta haura kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa.

Ƙa'idar da masu tafiyar daji suka saba bi ita ce kada jakar kwana ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum, ta yini ɗaya kuma kashi ɗaya cikin goma. Kimantawa ce, jiki ya bambanta, amma tana ba mutum inda zai tsaya ya duba kansa. A wajensa wannan na nufin kilo 13.6 da kilo 6.8. Ya rubuta lambobin biyu a littafin ya ja musu layi.

Muka yi tuli uku: abin da ya yi amfani da shi a Shafa, abin da bai taɓa ba, da abin da ko ba a taɓa ba dole a riƙe, kamar magani da tocila. Tulin tsakiya ya ba shi mamaki. Sauyin tufafi ɗaya bai warware shi ba, dabinon bai ci rubu'insa ba, gwangwani uku sun dawo, batiri ɗaya bai jona ba. Abin da ya fi wahalar rabuwa da shi fulas ne, sai da muka shawo kansa cewa tun da akwai risho a ayarin, ganyen shayi da sukari a ƙulli sun wadatar.

Fabrairu 2024: maganar Hajiya, da awon baya

Wata rana da daddare yana gwada jakar a tsakar gida, rage kayan ya kai ta kilo 15, yana ɗaga kafaɗu yana saukewa. Hajiya na zaune a kan sallaya tana kallo. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, wa ya taɓa goyo da kafaɗa? Ku bakwai na goya, har kuka yi wayo ina surfe da ku a baya, kafaɗata ba ta taɓa sanin kuna nan ba."

Ya ce, "To Hajiya, da me kike riƙe mu?"

Ta kira jikarta ta goya ƙaninta a gabansa. Yarinyar ta sunkuya, ta manna yaron a bayanta, ta ja zani ta ɗaure a ƙirji, sannan ta kawo majanyi ta tallafo mazaunansa ta tamke a ƙugu. Hajiya ta nuna da yatsa: zanin sama riƙe shi yake kada ya yi baya, majanyin ƙasa shi ke ɗauke da shi. In goyo ya yi sako-sako ya rabu da bayan uwa, nan da nan kwankwaso zai gaya mata.

Ina wurin. Na karanta wannan bayani sau da yawa da zane-zane da kibiyoyi, ban taɓa ganin wanda ya fito da shi sarai kamar yadda tsohuwar nan ta yi da majanyi ba. Jakar tafiya mai kyau haka aka gina ta. Akwai ƙarfe ko roba mai tauri a bayanta da ke gangarar da nauyi zuwa ɗamara, ɗamarar ta zauna a kan ƙasusuwan ƙugu, su kuma su miƙa wa ƙafafu. Igiyoyin kafaɗa aikinsu aikin zanin sama ne.

Ya kwance ɗamarar da ya ɗaure a baya ya sa. Sai ga wata matsalar: in ɗamarar ta zauna a ƙugu, igiyoyin kafaɗa sai su tashi sama har kusa da kunnensa, in ya ja su suka kwanta, ɗamarar sai ta sauka cinya. Jakar ta dogon mutum ce. Jaka tana da awo kamar riga, kuma ba tsawon mutum ake dubawa ba, tsawon bayansa ake aunawa, daga ƙashin nan da ke turowa a gindin wuya in an sunkuyar da kai, zuwa daidai layin saman ƙasusuwan ƙugu. Na auna shi da tef ɗinsa: santimita 44. Bayan jakar gwanjon ya fi haka da kusan takwas, kuma ba ta da wurin ragewa. Wannan bayani bai wahalar da shi ba ko kaɗan, shi da yake mayar da riga saboda santimita ɗaya.

A ƙarshen watan muka je Jidda ya gwada jakunkuna biyar, kowacce da kaya a ciki, yana zagaya kantin. Ya ɗauki mai lita 50, nauyinta kilo 1.7, a kan kusan riyal 400. Ya koyi jerin ɗaurawa: a sassauta komai tukuna, a ɗaure ƙugu, a ja igiyoyin kafaɗa su kwanta ba tare da sun ciza ba, a ja ƙananan igiyoyin sama da ke jawo kan jaka kusa da wuya, a ƙarshe a haɗa ta ƙirji, yatsu biyu ƙasa da ƙashin wuya. Gwajinsa shi ne ya iya zura yatsa ƙarƙashin igiyar kafaɗa ba da wahala ba. Shirin ciki ma ya sauya. Abu mai laushi marar nauyi a ƙasa, ruwa da abinci manne da baya a tsakiya zuwa tsakanin allunan kafaɗa, tufafi a cusa su kewaye don kada komai ya yi motsi, kuma babu abin da ke reto a waje.

Maris zuwa Mayu 2024: sabo, da kuskuren ruwa

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Bayan sallar asham yakan goya jakar da kilo 6 ya yi tafiyar awa ɗaya, sau uku a mako, yana ƙara kilo ɗaya duk mako. Ranar Sallah, 10 ga Afrilu, yana kan kilo 10. Tsakiyar Mayu ya kai 13. Ya ci gaba da motsa kafaɗa da baya yadda aka koya masa a sashen gashi, ya kuma sa wa kansa dokar sauke jaka minti 10 bayan kowace tafiyar minti 50, ko ya gaji ko bai gaji ba. A makonnin farko saman ƙugunsa ya yi ja yana zafi, sai ya daina sa wandon da ke da ɗinki mai kauri a wurin. Minjirya ba ta zo ba ko sau ɗaya.

Daga nan son rage nauyi ya wuce gona da iri. Ranar Juma'a 24 ga Mayu muka nufi Dutsen Saur, muka makara, ba mu fara hawa ba sai da rana ta fito sosai. Ya lissafa cewa ruwa ne abu mafi nauyi a jakarsa, sai ya ɗauki lita ɗaya da rabi maimakon uku, bai gaya wa kowa ba. Da safen kuma ya sha ibuprofen saboda gwiwa. A hanyar saukowa kansa ya sara, ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa, ya yi amai sau biyu. Muka kwantar da shi a inuwar dutse, muka jiƙa masa jiki da ruwanmu, muka sauko da shi a hankali. A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa leda biyu, aka kuma gargaɗe shi cewa irin wannan ƙwaya in ta haɗu da ƙishirwa da zafi tana iya taɓa ƙoda.

Mako uku bayan haka aka yi Hajjin 1445. Ranar 17 ga Yuni zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, daga baya kuma Ministan Lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Allah ya jiƙansu. Mu da muka ga abin da lita ɗaya da rabi ta yi wa ɗan'uwanmu a Dutsen Saur, labarin ya shige mu ƙwarai. Ayarin ya dakatar da hawa dutse a Makka har zafi ya sauka. Shi kuma ya buɗe sabon layi a littafinsa, yana rubuta nauyin ruwa daban da na kaya, don kada ya sake haɗa su a lissafin ragi.

Satumba 2024: kayan mutane

Saura abu ɗaya da sikeli bai magance ba. Mutumin nan ba ya iya cewa a'a ga wanda ya girme shi, kuma ban ga laifinsa ba, haka aka rene mu. Da muka dawo fita, tun a fitar farko wani dattijo ya miƙo masa ledar lemo, ya karɓa da hannu biyu. Jakar da ta bar gida da kilo 6.5 ta hau dutse da 9.

Na kai maganar wurin babbanmu, mutumin Mai Wurno da muke kira Kawu. Na ce, "Kawu, in ba kai ka yi magana ba, yaron nan zai sake rasa hannunsa, kuma da bakinsa ba zai taɓa hana kowa ba." Juma'ar da ta biyo, kafin a tashi, Kawu ya rataya sikelin a ƙofar mota ya fara auna tasa jakar. Ya ce daga yau kowa za a auna, kayan tarayya kamar risho da tukunya za a raba su gwargwadon nauyin jikin kowa, dattijon da kayansa suka fi ƙarfinsa kuma ya kawo wa jama'a a raba, kada ya zaɓi mutum ɗaya. Ya juya ga telan ya ce, "Kai kuma ɗana, an rufe jakarka, ni na rufe ta." Daga ranar duk wanda ya miƙo masa abu sai ya ce Kawu ya hana, a wuce wurin ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

20 zuwa 21 ga Disamba 2024: hawan Kara

Gwajin gaske shi ne tsohuwar hanyar raƙuma da ke hawa dutsen Kara, daga ƙauyen Kar a gindin dutse zuwa Hada, wadda ke kusan mita 2,000 sama da teku. Hanya ce da aka shimfiɗa da duwatsu tun zamanin da ayari ke bi tsakanin Makka da Ɗa'ifa, tana nannaɗewa a jikin dutsen, gwaggon biri na zaune a gefe suna jiran wanda zai bar leda a buɗe. Muka hau ranar Juma'a, muka kwana a sama, Asabar muka zagaya tuddan wajen. Wayarsa ta nuna kilomita 27 a kwana biyun.

Jakarsa ta tashi da kilo 13.5: ita kanta 1.7, ruwa 5, jakar barci a madadin bargo 1.2, sallaya mai ɗan kauri da ta zama shimfiɗa 0.6, tufafi 1.3, abinci 1.4, batiri ɗaya da tocila 0.5, magunguna 0.3, rabonsa na kayan tarayya 1.5. Mun san inda za mu ƙara ruwa a Hada tun kafin mu tashi. Ya riƙe sanda, wadda ta fi yi masa amfani a gangara. A wurare masu tsayi yakan ɗan matse igiyoyin kafaɗa don jakar ta manne, in an fito fili ya sassauta su nauyin ya koma ƙugu. Ya iso da gajiyar cinya da bororo ɗaya a diddige. Ranar Lahadi da safe ya buɗe shago ya yanka riguna huɗu.

Hukunci

A ganina abin da ya fi komai tasiri shi ne sikelin. Wata shida ya yi yana neman magani ga kayan da bai san nauyinsu ba, kuma ko wace irin jaka aka ba shi, kilo 24 a bayan mai kilo 68 da ke wuni a zaune sai ta yi masa illa. Soso da tawul sun kasa ne don sun gyara fata alhali nauyin na rataye a kan jijiyar. Gammo ya kasa don wuyansa ya manta aikin, hanyar kuma ba ta kai ba ce. Babbar jaka ta fi su ɓarna, domin ba awonsa ba ce, ɗamararta ba ta aiki, faɗinta kuma ya zama gayyata ga kayan mutane.

Na biyu shi ne mayar da nauyin ƙugu, kuma wannan bai yiwu ba sai da jakar ta yi daidai da bayansa. Sabon da ya yi a hankali cikin azumi ya taimaka, amma da ya yi shi da tsohuwar jaka ina jin da minjiryar ta dawo tun a kilo 10. Laifin 24 ga Mayu kuwa har da ni a ciki, domin ni na cusa masa lissafin kilo ban ware masa ruwa daga lissafin ba tun farko.

Mako ukun da ya yi a gida kafin ya je asibiti su ne suka fi tsorata ni in na tuna. Ciwon nama yakan jira, amma hannun da ya sage ko ya rasa ƙarfi bayan an sauke kaya na likita ne tun a kwanakin farko. Ya yi sa'a jijiyar ta farfaɗo.

Maganar Kawu kuma ban ɗauke ta ƙarami ba. Da an bar shi da kunyarsa, duk abin da ya rage a gida da an mayar masa a bakin mota.

Hannun bai koma yadda yake ɗari bisa ɗari ba. Kan babban yatsan har yanzu yakan sage in an yi sanyi, likita ya ce a ci gaba da lura. Rubutu na ƙarshe da na kwafo daga littafin na ranar 14 ga Fabrairu 2025 ne, daga Shafa, wurin da ya taɓa zama a kan dutse riƙe da damtse: "Kaya 8, ruwa 5, kilomita 14. Kafaɗa lafiya. Yatsa ya yi sanyi da asuba, ya saki da hantsi."